Loma Uku a Gidan Inna

Ni dai ban taɓa jin kunyar ƙibata ba. A kasuwar Nguru, inda nake sayar da bandar kifi, 'yan acaɓa kan hango ni su kau da kai, in yi dariya in ce su ne ba su da rabo. Amma da gwiwa ta ƙi, ciwon suga ya shigo, sai na bi shawarar likita na tafi Masar aka rage mini tumbi. Ban yi nadama ba, kuma ba zan yi ba.

Kuskurena ɗaya ne, ban gaya wa Inna ba. Na san da ta ji an ambaci wuƙa za ta hana.

Bayan wata huɗu na je Gashuwa gaishe ta, riga tana yawo a jikina. Ta dube ni sama da ƙasa, ta shige madafa. Can ta fito da tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi. A gidanmu ba a tambayar lafiyar mutum da baki, kwanonsa ake dubawa. Na yi loma uku, ciki ya ce ya isa, na wanke hannu.

"Me na yi maka?" in ji ta.

"Wallahi na ƙoshi, Inna."

"Kai ɗin? Kai da kake suɗe tukunya? Wanda ya daina cin tuwon gida, zargin masu gidan yake yi."

Sai ta fara hawaye. Hankalina ya tashi ƙwarai, ashe ta ɗauka wani ya kai mini gulma cewa ita ke zuba mini abu a abinci. Nan take na ɗaga riga na nuna mata tabon aikin da aka yi mini a Masar, na ce tumbin yanzu bai fi kofin shayi ba. Ta yi salati.

"Ikon Allah! Mutane na neman abin da za su zuba, kai kana rage rumbu!"

Na yi dariya, na zaci an wuce wurin. Ita ba ta yi ba. Ta jawo kwanon ta rufe a hankali.

"Yankan bai dame ni ba, ka yi kyau ma. Amma a ce an kwantar da kai a ƙasar wasu, an sa maka wuƙa, ga waya a aljihunka, ni ina nan ina tankaɗen gari ban yi maka addu'a ba?"

Duk bakina na kasuwa, ban samu amsa ba. Har ta rasu ban samu ba.