Baƙin da Ba Rini Ba

Tun ina saurayi nake haɗa tawadata da hannuna, da gawayi da ƙaro, domin rubutun ajami ba ya kyau sai baƙinsa ya cika. Shi ya sa ranar da 'yata ta biyu, mai karatun kimiyya a jami'a, ta zo gida ana girbin gero ta buɗe mini wani ɗan akwati, na ajiye alƙalami. Guntun ƙarfe ne a ciki, bai fi farce ba, amma ban taɓa ganin baƙi irinsa ba. Na tambaye ta da me ta rina shi.

Ta ce ba rini ba ne. Wai a wata rufaffiyar tukunya suke sa shi, su zuƙe iskar ciki, su saki wata iska daban 'yar kaɗan, su ba ta lantarki har ta kama haske. Ƙwayoyinta, waɗanda ido ba ya gani, su yi ta dukan fuskar ƙarfen. Ta nuna mini gindin indararo, inda ruwan sama ya zaizaye ƙasa ya bar 'yan ƙananan ginshiƙai a tsaye. Haka fuskar take komawa, in ji ta, sai dai ɗaruruwansu a jere ba su kai kaurin gashi ɗaya ba. In haske ya shiga tsakaninsu ba ya samun hanyar fita.

Na yi tasbihi. Amma mai tawada da yatsa yake gwada baƙi. Mahaifiyarta ta kira ta, kafin ta juyo na lashi babban yatsana na goga gefensa. Wurin ya yi fari yana ƙyalli.

"Baba, shi zan kai wa malamaina ranar Litinin, shi ne jarrabawata," ta ce a hankali.

Wata uku ta yi kafin ya fito mata haka. Ranar ban iya cin tuwo ba. Washegari na raka ta tashar Ɗanbatta, ina ta addu'a a zuci.

Litinin bayan la'asar ta kira ni. Malaman sun sa ƙarfen a na'ura, sai iyakar wurin da na goge ta nuna musu tsayin ginshiƙan sarai. Babbansu ya tambaye ta da wane kayan aiki ta share gefen.

"Me kika ce masa?"

"Na ce yatsan Baba ne. Na ci jarrabawar. Ya ce in gaishe ka, amma kada ka ƙara."