Hannun Ilu Bai Kai Kunne Ba

A ƙarshen daminar 1976, wata safiya da raɓa ba ta gama bushewa a ganyen dawa ba, aka fito da tebur da kujera aka ajiye a gindin ɗorawar ƙofar gidan mai unguwarmu. Wani malamin makaranta mai farar riga da biro biyu a aljihu ya zauna ya buɗe babban littafi, mu kuma yara aka jera mu a layi. Ba mai takardar haihuwa a cikinmu, don haka gwajin ɗaya ne: ka ɗaga hannun dama, ka bi da shi ta saman kai, ka taɓo kunnen hagu. In yatsunka sun kai, ka isa shiga makaranta, a rubuta sunanka. In ba su kai ba, ka koma gida. Ina da kamar shekara tara, ƙanena Ilu yana tsaye a gabana, bai wuce bakwai ba.

Shekarar ta zo da abubuwa da yawa, har mu yara mun san ana wani abu a ƙasa. Tun da sanyi aka harbe shugaban ƙasa a Legas, ɗan Kano ne, kuma na tuna yadda manya suka kewaye rediyon mai shayi. Dab da kisan an ƙara jihohi, bayansa kuma aka yi ta shelar kowa ya koma gona, har takin zamani ya iso ƙauyenmu a buhuna masu rubutu. Aka kuma riƙa ba da labarin sojojin da aka samu da hannu a kisan, yadda aka ɗaure su a bakin teku aka harbe. A ƙarshe sai ga maganar makarantar boko kyauta ga kowane yaro.

Mu a lokacin baƙi ne a inda muke, a ƙasar Bebeji. Ruwan dam ɗin Tiga ya cinye tsohon garinmu, da gonar kakanmu da rijiyarmu, aka ba mu fili a kan tudu. Baba, da bai taɓa shiga kwalekwale ba, ya koyi kamun kifi da girmansa, ya kuma yi ɗan lambu na tumatir da albasa a bakin ruwa. Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ni ke ɗebo ruwa ina zuba wa kunya-kunya har kafaɗata ta yi kanta, ni ke korar tsuntsaye, ni ke yankan ciyawar tumakin Inna. Da yamma, in an samu sarari, mu yi langa a dandali ko mu ɗana wa kurciya tarko.

Wata rana da la'asar, kafin ranar gwajin, ina bayan danga ina warware komar kamun kifi, na ji Baba yana gaya wa Inna shawararsa. "Ɗaya na gwamnati, ɗaya nawa," in ji shi. "In an rubuta su duka biyun, Ilu zan bari ya tafi. Babban ya fi mini amfani a lambu." Gaskiya ya faɗa, kuma ba don aikin kawai ba. Ilu yaro ne mai kai. Ya riga ni wanke allo sau biyu a makarantar Malam, kuma yakan tsuguna gaban buhun taki ya kwaikwayi rubutun jiki da tsinke a ƙasa, ba tare da ya san me yake cewa ba. Ni kuwa ba karatun nake so ba. Gajeren wando na kaki nake so, da hutu daga ɗaukar ruwa.

A hanyarmu ta zuwa ƙofar mai unguwa na ja Ilu gefe. Na ce masa na ji manya suna faɗa cewa wannan ba makaranta ba ce, duk wanda hannunsa ya taɓa kunne mota za a sa shi a kai shi Legas aikin soja. Na tuna masa abin da ake yi wa sojoji a bakin teku. Ya ce, "To kai fa, Yaya?" Na ce ni babba ne, ko na ɓoye za a gane, amma shi ya maƙale kafaɗa kada ya miƙa sosai. Ya yarda da ni, domin ban taɓa yi masa ƙarya ba.

Da layi ya zo kansa, ya ɗaga hannu ya tsayar da yatsunsa a tsakiyar kai. Malamin ya ce, "Miƙa dai, yaro." Ilu ya yi kamar yana ƙoƙari, idonsa ya cika da ƙwalla. Mai unguwa ya yi dariya ya ce, "Wannan sai baɗi." Ni na kama kunnena har da jan sa. Aka rubuta sunana.

Baɗin ba ta zo masa ba. Baba ya ce ya riga ya ba da nasa kason, Ilu ya gaji tuluna da komar. Da yamma, kafin magariba, yakan zauna kusa da ni ya ce in nuna masa abin da aka koya mana, ni kuma sau da yawa in kore shi, don ganinsa yana damuna. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ko gama firamaren ban yi ba. Daga aji huɗu na gudu Kwanar Dangora ina sayar wa matafiya rake, daga rake na koma masara, har na zama dillalin hatsin da aka sani daga Kiru zuwa Doguwa. Kujerar da na ƙwace, ni ma ban zauna a kanta ba.

Sai bayan rasuwar Baba na gaya wa Ilu gaskiya, muna zaune a bakin lambun. Ya daɗe yana tsinke busasshen ganyen albasa. Ya ce, "Na gane tun da na ga ka dawo gida da azahar, ba wata mota. Ka bar shi, Yaya, Allah ya yafe mana." Bai sake tayar da maganar ba, har yau.

Yanzu kusan kowane ƙauye a yankinmu da ajinsa, yara suna tafiya da jaka a baya, 'ya'yan Ilu ma duk sun shiga, ɗaya tana koyon aikin jinya. Shi dai yana nan a bakin ruwa, gemunsa ya yi fari. Duk ranar kasuwa yakan biyo ta rumfata, mu gaisa, ya ciro wayarsa ya miƙo mini ya ce, "Yaya, duba mini, me suka rubuto?" Nakan ajiye duk cinikin da nake yi in karanta masa a hankali, ina tuntuɓe a kan kalmomin, shi yana gyaɗa kai. Ɗan karatun nan da nake yi masa, nasa ne.