Hoton Kakata Tana Shiƙa

Jiya ina duba waya na ci karo da hoton kakata, wanda na ɗauka a gonarmu ta bayan Bagwai shekarar da ta rasu. Shiƙar gero take yi, ta ɗaga ƙwarya sama, tsaba na zuba, ƙaiƙayi na shiga min ido.

Na ce, "Inna, ɗan tsaya, hoton ba ya fita."

Ta ce, "Iskar za ta jira ni ne? Ɗauka haka nan."

Hannuwanta suka fito kamar hayaƙi, fuskar ma ba a gane ta. Ba mu da wani hotonta sai shi. Da 'yata ta tambayi kamanninta, hoton nan na nuna mata.

Allah Ya haskaka kabarinki, Inna, Ya sa kin huta.