Allon da Mista Ozell Ya Juya wa Bango

Duk yaron da ya tashi a unguwarmu ta bayan layin dogo, nan kudancin Jojiya, da rubutun Mista Ozell Tarpley ya fara koyon karatu, ko ya sani ko bai sani ba. Shi ke rubuta allunan shaguna. Na mai aski nasa ne, na coci nasa ne, na mai shirya gawa nasa ne, har da nawa, ni Earline, da nake soya tarwaɗa da burodin masara a rumfar da ke kallon shagonsa. A kusurwar kowane allo, daga ƙasa, yakan sa sunansa ɗan mitsitsi.

Dogo ne siriri, kuma ban taɓa ganin mutum mai jan rai irinsa ba. Kafin ya ɗora harafi ɗaya sai ya shafe katako da farin fenti, ya jingine shi ya jira. In ka zo kana kumfar baki kan allonka, sai ya taɓa shi da bayan yatsa ya ce, "Bai bushe ba." Nawa allon sai da na kusa shiga in ɗauko abina da ƙarfi. Amma ga shi nan har yau, ruwa da rana sun yi iya yinsu sun bar shi.

A wancan zamanin Turawan gari ma shi suke kira, ko da yake "yaro" suke ce masa, furfura a kansa. Shi ya rubuta allunan tashar mota, ɗaya "Farare", ɗaya "Masu Launi", a kan famfon shan ruwa da ƙofar banɗaki. Yana da iyali, kuma ba aikin da ake cewa a'a ba ne. Abin da kawai ya iya yi, namu allon ya fi ƙawatawa. Mu mun lura, su ba su lura ba.

Kalmar da ya riƙe hannu bibbiyu ita ce Nigro. Yakan ce iyayenmu sun sha wuya kafin a yarda a kira su da ita a bainar jama'a, maimakon waccan ƙazamar da bakina ba ya maimaitawa. In za a sa ta a allon ƙungiya ko na makaranta, da ruwan zinari yake rubuta ta. Baƙar fata kuwa, a kunnensa zagi ne tsagwaronsa. Ba shi kaɗai ba. A tasowarmu, in kana neman a fasa maka baki, ka kalli mutum ka ce masa baƙi.

Ɗa guda gare shi, Roscoe, kuma uwar ta rasu tun yana ƙarami. A shagon nan ya girma, yana wanke buroshi yana kwaikwayon hannun uban. Da ya tafi jami'a a Atlanta sai ya dawo da suma kamar kwando da baki cike da sabuwar magana. Ina nan ranar, na kai musu abincin rana, sai na tarar Roscoe ya shigo da katako sabo fil.

"Baba, shagon littattafai zan buɗe can arewa a Detroit ni da abokaina. Hannunka nake so a ƙofar."

Fuskar tsohon ta washe. "To, me za a rubuta?"

"Gidan Littattafan Baƙar Fata."

Sai ya aje cokali. "Na me?"

"Ka ji ni, Baba. Haka muke kiran kanmu yanzu."

"Ku wa? Kai da wannan dajin da ka ɗauko a ka? Ni Nigro na haifa a gidan nan, ban haifi zagi ba."

Na sa baki, don ni ba na iya shiru. "Mista Ozell, ka bar yaro mana. Kai Roscoe, ci kifinka, ka ga wuyanka kuwa? Ko a Atlanta littafi kuke dafawa?"

Ba wanda ya yi dariya. Roscoe ya ce, "Wa ya raɗa mana Nigro, Baba? Mu muka zaɓa? Wannan dai da bakinmu muka ɗauka."

"Da bakinku kuka ɗauki abin da aka jefe ni da shi tun ina rarrafe. Ba da buroshina ba."

Nan ne yaron ya faɗi abin da bai kamata ɗa ya faɗa ba. "Buroshin da ya rubuta 'Masu Launi' a ƙofar banɗakin tasha? Yau shi ne yake ƙyanƙyami?"

Wallahi sai da kwanon hannuna ya kusa suɓucewa. Mista Ozell bai ɗaga murya ba. Ya goge yatsunsa da tsumma ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Da wancan allon aka saya maka takalmin makaranta. Kama hanya." Roscoe ya kama hanya, katakon ya bar shi a nan.

Da na yi zaton tsohon zai faskara shi ya hura wuta. Satin bai ƙare ba na hango shi yana shafa masa farin fenti, a natse, yadda yake yi wa allon da ya karɓa. Ya jingine shi yana kallon bango.

"Na Roscoe ne?" na tambaya.

"Ki ji da kifinki, Earline."

Shekara ta juyo, ya sake shafa masa wani farin. Wata ta zo, ya ƙara. A tsakanin nan duniya ta canza a gabansa. An ciccire allunan tasha. Fasto ya fara cewa baƙar fata a kan mumbari, mai aski ya fara, ni ma na fara, na ji kuma ta zauna mini daram. Roscoe ya yi aure, ya sami 'ya, yana aiko da hotuna a lokacin Kirsimeti, amma ta hannuna, ba ta hannun uban ba. Ni nake tsallaka titi in kai, shi kuma ya kalla ya daɗe, ya miƙo mini. Taurin kai dai iri ɗaya ne, uba da ɗa, kuma kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara.

Wata rana na leƙa bayan katakon, na ga ya zana haruffan da alli, tsaf, ba abin da ya rage sai fenti. Raina ya ɓaci.

"Mista Ozell, ka ji tsoron Allah! Me kake jira kuma?"

Ya taɓa shi da bayan yatsa. "Bai bushe ba."

Katakon da ya shekara nawa a jingine! Ba fentin yake nufi ba, ni da shi duk mun sani.

Ana cikin haka waya ta zo rumfata da hantsi, don shi ba ya da ita. Zuciyar Roscoe ce ta tsaya yana cikin shago, bai ko cika arba'in ba. Aka kawo shi gida a jirgin ƙasa, yadda muke yi wa namu da suka mutu a arewa, aka binne shi kusa da uwarsa.

Bayan jana'iza, ana cin abinci a zauren coci, Loretta matar Roscoe ta miƙa wa tsohon hoton shagon. Ashe Roscoe da kansa ya rubuta allon ƙofar. Salon uban ne sak, sai dai hannun bai gama faɗawa ba. A kusurwa daga ƙasa, ɗan mitsitsi, ya sa: ɗan O. Tarpley.

Mista Ozell ya kai hoton kusa da ido, ya daɗe. Sai ya ce, "Ya yi gaggawa. Kin ga nan fentin ya zubo. Da ya kawo da na gyara masa."

Washegari da safe ya juyo da katakon, ya ɗauko ruwan zinarin nan da ba ya taɓawa sai don kalmarsa. Mutumin da allo ke yin wata guda a hannunsa, kafin la'asar ya gama. Ya kira ni in gani. Ban taɓa ganin aikinsa da ya kai wannan kyau ba, kuma ban taɓa jin haushin kyawun abu irin na ranar ba.

Ya ja da baya, ya karanta a fili, yadda ya saba yi wa kowane allo kafin ya sallame shi. "Gidan Littattafan Baƙar Fata." Ranar na fara jin kalmar a bakinsa. Ya tsaya kamar mai jiran wani abu ya faɗo masa a ka. Ba abin da ya faɗo.

Ya juyo ya dube ni, buroshin a hannunsa.

"Earline," ya ce, "ashe shi ke nan?"