Marfin kwalbar Malam Ilyasu

Yau shekara biyar ke nan da rasuwar kakana Malam Ilyasu, tsohon malamin lissafi. Da aka rushe gidanmu na Zango muka koma unguwar Gounghin, allonsa ya ɓace a hanya, sai ya mai da ƙofar gida allo. Kakata Hajiya ta yi faɗa har ta gaji.

A jikin ƙofar nan ya koya mini x⁴ − 13x² + 36 = 0. Ranar farko na tsaya ina kallo kamar zan yi kuka.

"Amaryata, wannan ne ya tsorata ki?" Ya ɗauki marfin kwalba ya danne x² da shi. "Yi masa sabon suna. Kira shi y."

Nan take lissafin ya sauko ya zama y² − 13y + 36 = 0, irin wanda na saba. Na samu 4 da 9, na ajiye alli.

"Ina za ki? Ɗaga marfin! x aka tambaye ki."

Na rubuta 2 da 3.

"Gida mai mutum huɗu, kin ciyar da biyu. Ina −2 da −3?"

Yanzu ƙannena hoton tambaya kawai suke ɗauka, waya ta ba su amsa. Ina jin da Malam na nan zai karɓi wayar ya gwada ta, ya yaba mata, sannan ya ce a kashe ta a maimaita masa da alli.

Watan jiya na yi jarrabawar ƙarshe ta koyon malanta, inda ake koyar da aji a gaban sufeto. In na faɗi, sai na maimaita shekara. Ni kuwa ko sallama sai an ce in ƙara murya. Darasin nan na Malam aka ba ni in koyar. Da na juyo na ga idanun ɗalibai, sai na laluba jaka, na ciro marfin kwalba, na danna shi a allo. Aji ya kwashe da dariya, ni ma na dara, magana ta zo.

Na rubuta 2 da 3, na ajiye alli da gangan. Wata ɗaliba a baya ta ɗaga hannu: "Madam, saura biyu!"

Na ci jarrabawar. Malam bai bar littafi ko ɗaya da sunansa ba, ƙofar ma an yi mata fenti. Amma tambayarsa tana nan a bakin yarinyar da ba ta taɓa ganinsa ba. Allah Ya kai haske kabarinsa.