Abu Turki da Motocin da Suka Yi Rawa a Hanyar Tihama

Idan aka idar da sallar asuba a masallacin unguwarsu a Baljurashi, Misfir ɗan Ayid ba ya komawa barci. Gida yake shiga ya sha gahawa da dabino, ya ci burodin da matarsa Ummu Turki ta gasa, sannan ya nufi garejin wakilin kamfanin motoci da ke bakin gari tun hazo bai tashi daga kan duwatsu ba. Shi yake riga kowa isa, har mai gadi yakan ce da za a danƙa masa makullin da kowa ya huta. Aikinsa gwajin mota ne. Duk motar da mai ita ya kawo kuka a kanta, shi zai fita da ita kan titi ya ji abin da take yi kafin makanikai su sa hannu, kuma shi zai sake fita da ita bayan sun gama. Kafin ya tayar da inji sai ya cire takalmi don tafin ƙafarsa ya taɓa ƙasan motar, ya kashe rediyo, ya dubi mai motar ya ce, "Yi mini shiru, ɗan'uwa. Kai ka faɗi naka, saura nata."

Makon jiya ya ajiye wannan aikin bayan shekara talatin da ɗoriya. Mutanen garinmu ba su san shi da Misfir ba, Abu Turki suke kiransa. Ni kuwa sunana Jam'an, tsohon malamin makaranta, kuma ina cikin waɗanda suka ci moriyarsa. Alherinsa da yawa, amma guda ɗaya zan ba da labari, domin a gabana aka yi shi.

Shekarar da sabon samfurin akori-kura ya shigo, rabin masu kiwon zuma na yankinmu sun sayar da tsofaffin motocinsu sun saye shi. Cikinsu akwai Hizam, maƙwabcina da ake kira Abu Zafir, mutum mai amya sama da ɗari kuma mai bakin da ba ya ajiye magana. Da sanyi ya kama, ya loda amyoyinsa da asuba kamar kowace shekara, ya gangara da su Tihama inda ake samun ɗumi da furanni. Da ya isa ya buɗe, sai ya tarar saƙar zuma ta kakkarye a cikin amyoyi da dama, zuma tana tsiyaya a bayan mota, ƙudajen zuma sun mutu a cikinta. Ya ce tun daga tsakiyar gangara motar take karkarwa har haƙoransa na haɗuwa.

Ya kai ta gareji. Abu Turki ya fita da ita, bai ji komai ba sai ɗan motsi a sitiyari, ya ce taya ce. Aka daidaita tayoyin. Hizam ya sake lodi, ya sake asara. Aka canza tayoyin gaba ɗaya. A zuwa na uku da ni aka je, domin ya ce in raka shi kada ya kashe wani.

"Abu Turki!" Tun daga ƙofa ya fara. "Mota na saya ko rariya? In tankaɗe nake so ai matata tana da ita a gida!"

"Barka da zuwa, Abu Zafir. Zauna ka sha gahawa."

"Ba zan sha ba! Hannuna ma rawa yake, zubewa za ta yi."

Abu Turki ya yi dariya, amma ya daɗe yana kallon bayan motar, inda zuma ta bushe a kan ƙarfe. Can ya ce, "Kullum wankakkiya kake kawo mini ita, babu kaya. Kai kuma ba ka taɓa jin rawar ba sai da kaya. Kuskurena ne da ban tambaye ka ba tun farko. Amyoyin nan nauyinsu nawa?"

A ranar ya aro buhunan sha'ir daga shagon abincin dabbobi da ke kusa, ya loda daidai nauyin, mu uku muka hau hanyar gangara. Da allurar gudu ta wuce tamanin, sai kujerar da nake kai ta soma zillo a ƙarƙashina. Madubi ya koma dishi-dishi. Hizam ya buga cinya ya ce, "Ka ji ta! Ka ji 'yar banza! A gabanka take yin ustaziyya!" Abu Turki ya ci gaba da gwaji. Ya rage gudu ta daina, ya ƙara ta dawo, ya yi ta maimaitawa.

Wahalar daga nan ta fara. Manajan garejin, wani saurayi mai kirki da ake kira Wa'il, ya buga wa babban ofishi a Jidda waya. Suka ce masa kowace akori-kura tana ɗan motsi idan ta ɗauki kaya, wannan ba lahani ba ne, a sallami mai mota. Wa'il ya kira Abu Turki ofis. Makanikan da ke bakin ƙofa ne suka ba ni labarin yadda ta kaya.

"Baffa, sun ce lafiyarta ƙalau. Ka sa hannu a rufe maganar."

"Ɗana, ni na hau ta. Ba lafiya ba ce."

"To mene ne ciwon?"

"Ban sani ba."

"Ka gani? Ba ka sani ba, su kuma su suka ƙera ta. Saura kaɗan ka yi ritaya cikin mutunci. In ka ja da su, ni za su fara tambaya, kai kuma su ce tsufa ya kama ka."

"Tsufa kam ya kama ni. Amma ba zan ce wa mutum motarsa lafiya ba alhali na san in ya loda dukiyarsa za ta lalata masa ita. Ka rubuta cewa ni na ƙi, kada laifin ya hau kanka."

Kai ne, Abu Turki, ka iya cewa "ban sani ba" a gaban yaran da ka girme wa iyayensu, ba ka ji kunya ba. Kai ne kuma ba ka mai da rashin sanin ya zama dalilin yin shiru ba.

Daga wannan makon ya mai da kasuwar Asabar ofishinsa na biyu. Yana yawo tsakanin masu zuma da masu awaki, duk inda ya ga irin motar sai ya tsaya ya jira mai ita. Wasu suka ce su ma suna ji, sun ɗauka titi ne. Wasu suka ce sun kai gareji a Baha ko Makhwah an ce musu babu komai. Tawa ma ashe tana yi, ni da na ɗauka ciwon bayana ne ya tashi. Ya hau motocinmu ɗaya bayan ɗaya a ranakun hutunsa, ya roƙi kowa ya kai kukansa gareji da kansa, domin kukan mutum ɗaya ana iya cewa fitina ce, na mutum ashirin kuwa sai an saurara. Waya kuwa ya yi ta bugawa Jidda har mai ɗaukar wayar ta riƙa gane muryarsa tun daga sallama, tana cewa, "Baffa Misfir, wallahi na isar da saƙon."

Ana cikin haka furen kurna ya kusa, lokacin da mai zuma yake samun abin da zai ci shekara. Hizam ba shi da motar da zai amince wa. Wata safiya ya fito ya tarar da tsohuwar akori-kurar Abu Turki a ƙofar gidansa, makulli a hannun maƙwabci. Shi kuwa Abu Turki ya koma zuwa aiki a motar haya har kakar ta wuce. Da Hizam ya je godiya, Abu Turki cewa ya yi, "Ka dai riƙa duba mata ruwa. Ta girme ka, ka girmama ta."

Daga ƙarshe kamfani ya turo injiniya. Mun zaci dattijo za mu gani, sai ga wata matashiya mai suna Rawabi da akwatin na'urori. Hizam ya raɗa mini, "Shi ke nan, sun turo mana jikarsu." Ta ji shi sarai. Ta ce, "Baffa, jikar ce ta zo, don kakannin ba sa iya shiga ƙarƙashin mota." Ta kuwa shiga, ta manna ƙananan na'urori masu auna girgiza a wurare daban-daban, ta haɗa su da kwamfutarta.

Aka gwada da buhunan sha'ir, na'ura ta nuna rawar, amma Hizam ya rantse ba ta kai ta ranar asararsa ba. Rawabi ta tambaye shi yadda yake jera kaya. Ya ce baki ba zai iya ba, sai dai a gani. Washegari bayan asuba ya zo da amyoyi na gaske, an toshe bakunansu, ya jera su yadda ya saba, masu nauyi can baya kusa da murfi. Abu Turki ya ce lallai manaja ya zo ya ji da jikinsa. Wa'il ya shiga kujerar baya kusa da Hizam, ni na bi su a tawa motar.

A tsakiyar gangara na ga sun tsaya a gefen hanya. Rawabi ta fito da kwamfuta tana nuna wa Abu Turki wani layi da ya yi tsalle. Wa'il ya zagaya baya don ya duba kayan da idonsa, bai san girgizar ta kwance toshin amya ɗaya ba. Sai ihu muka ji. Manaja guda, da farar riga da agogo mai tsada, yana gudu a gefen dutse yana kaɗa rawaninsa, Hizam na bin sa yana cewa, "Kada ka gudu! Tsaya cak! Su ma ƙara suka kawo maka!" Ƙudan zuma ɗaya ya harbe shi a kan hanci. Kafin mu dawo gari hancin ya yi kamar tumatir.

A gareji Rawabi ta zaunar da mu ta yi bayani da harshen da za mu gane. Farfela, wato doguwar sandar ƙarfen da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya, ita ce mai rawar. Idan kaya ya danne bayan motar, zamanta yana karkacewa kaɗan fiye da yadda aka tsara, a wani gudu kuma sai karkacewar ta zama girgiza. Abu Turki ya riƙe haɓa ya ce, "Ni akwatin giya nake zargi. Da an bar ni da na sa an sauke shi a banza." Ta ce, "Ni kuma da an bar ni da na gwada ta babu kaya a titin Jidda, na rubuta lafiya lau, na koma gida." Wa'il, da ƙanƙara a kan hanci, ya ce a rubuta rahoton da sunan garejin gaba ɗaya, shi zai fara sa hannu.

Ba a gyara washegari ba. Watanni aka yi ana jira, Abu Turki yana bugun waya, Rawabi tana matsa wa kamfani daga can Jidda. Sannan saƙo ya zo ga duk masu irin motar a faɗin ƙasar: a kawo ta a saka wani ɗan ƙarfe a ƙarƙashin sifirin na baya, a canza mariƙin farfela, kyauta. Babu sunan Misfir ɗan Ayid a cikin saƙon. Mutumin Tabuka ko na Najran da aka gyara wa mota bai san akwai wani dattijo a kan duwatsunmu da ya ƙi sa hannu ba. Motar Hizam aka fara gyarawa. Ya gangara da amyoyinsa, ya buɗe, saƙa tana nan yadda ƙudaje suka gina ta. Ya bugo waya daga Tihama yana ihu har sai da Abu Turki ya nisanta wayar daga kunne.

Ranar Alhamis aka yi masa walimar sallama a harabar garejin. An yanka raguna, an dafa shinkafa, makanikai sun yi rawar takobi da kayan aikinsu a jiki. Rawabi ta zo daga Jidda. Hizam ya kawo zumar kurna tulu guda, ya yi jawabin da ba a gayyace shi ya yi ba. Da aka ce Abu Turki ya yi magana, sai ya miƙe ya ce, "Na gode. Abincin zai huce." Ya zauna.

Ana watsewa ɗansa Turki ya zo da saƙo daga ɓangaren mata, ya faɗe shi da ƙarfi kowa ya ji: "Baba, Umma ta ce a gaya maka injin wankinta ya shekara biyu yana rawa har yana tafiya da kansa zuwa ƙofar kicin, kullum kana cewa sai ka samu lokaci. Ta ce gobe ka samu." Aka fashe da dariya. Abu Turki ya ɗaga hannu sama ya ce, "Wannan manajar ta gida ba a ƙin sa mata hannu."

Mun gode, Abu Turki, mai kunnen sauraro. Ka yarda da mai kuka a lokacin da ya fi sauƙi a ce masa zato yake yi. Allah ya ba ka lafiyar cin hutunka, ya sa ka samu injin wankin da sauƙi. Ku kuma matasan da kuka gaji kujerarsa, a gareji ko asibiti ko kowane ofishi, idan mutum ya dawo muku karo na uku da kuka iri ɗaya, kada ku gaji da shi. Ku tambaye shi abin da yake ɗauka, ku tashi ku bi shi hanyar da yake bi.