Ba Aljanin Rijiya Ba Ne

A shekarun farin nan na farkon saba'in, ni mai haƙar rijiya ne a wani ƙauye na ƙasar Sule Tankarkar. Ban wuce shekara ashirin da biyar ba, ina da mata da 'ya ɗaya. Yayana ne ya koya mini sana'ar, kuma tare muke yawo daga Gagarawa har bakin iyaka ta Maigatari, duk inda rijiya ta ƙafe a kira mu mu ƙara mata zurfi. Na tsufa yanzu, amma in na tuna abin da dangina suka yi mini da sunan magani, har yau raina tafasa yake.

Wata rana da hantsi muka shiga wata tsohuwar rijiya. Yayana ya faɗa wa mutanen garin cewa bangon rijiyar rairayi ne, ba zai riƙe ba, suka yi ta roƙo saboda dabbobinsu na mutuwa. Yana can ƙasa, ina samansa kaɗan, sai gefe guda ya zabtaro. Ƙasa ta binne ni har wuya, shi kuwa ta rufe shi gaba ɗaya. Hannunsa na riƙe da idon sawuna. Ina jin yana matsawa, yana matsawa, har ya saki. Sai bayan la'asar aka ciro ni, shi kuwa gawarsa aka ciro.

Ko ƙashi ɗaya ban karya ba, don haka kowa ya ce in gode wa Allah in koma aiki. Na gode Masa. Amma in na ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa sai numfashina ya sarƙe, gumi ya karyo mini, in ji hannun nan a ƙafata kamar yanzu ake yi. Ba na iya zama a ɗaki a rufe. A masallaci sai ƙarshen sahu, kusa da ƙofa. Ran nan matata ta yayyafa ruwa a tsakar gida za ta yi shara, ƙanshin ya buge ni, ban san lokacin da na mare ta ba. Wannan laifina ne, ba na ɗora wa kowa. Ta goya 'yarmu ta tafi gidansu.

Baffana, ƙanen mahaifinmu, ya yanke cewa aljanin rijiyar ne ya shige ni. Ya kai ni wurin wani mai magani, aka sa ni a wani ɗan ɗaki mara taga, aka lulluɓe ni da bargo, aka tura mini kaskon hayaƙi. Mutumin da ƙasa ta binne, shi aka rufe a duhu ba iska. Da na yi ta ihu ina roƙon a buɗe, sai mai maganin ya ce ai aljanin ne ke magana, ya sa bulala. Kwana bakwai ana haka. Da abin bai yi ba, Baffa ya ce to ragwanta ce kawai. Ya tara ƙarti huɗu suka ɗaura mini igiya a ƙugu a bakin rijiyar garinmu, mata da yara na kallo.

Na ce, "Baffa, don girman Allah kada ka yi mini haka."

Ya ce, "Namiji ba ya tsoron rami. Ku zura shi."

Suka zura ni. Da aka jawo ni na ɓata wandona, ba na gane kowa. Har da masu dariya. A cikin mutanen nan duka, babu wanda ya taɓa tambayata me ya faru a ƙasan rijiyar. Satin nan na bar garin, na koma dako a kasuwar hatsi ta Gumel.

A nan na haɗu da wani tsohon soja da ya dawo daga yaƙin basasa, yana gadin rumfunan hatsi. Wata rana tarin buhuna ya zube kusa da ni, na durƙushe ina rawar jiki. Ya ja ni inuwa, ya ba ni ruwa, ya ce shi ma haka yake yi in salansar babur ta yi ƙara. Ya ce, "Ɗan'uwa, ba hauka ba ne, ba iska ba ce. Jikinka aka ciro daga ramin, zuciyarka tana ciki tukuna."

Kullum in kasuwa ta lafa sai mu zauna, in ba shi labarin kaɗan-kaɗan, in na gaji ya ƙyale ni. Shi na fara gaya wa zancen hannun. Na daɗe ina ganin da na motsa ƙafata da ƙarfi, da na jawo yayana. Ya sa na faɗi da bakina yawan ƙasar da ke kaina, har na ji da kunnena cewa ba zai yiwu ba. Ya koya mini in abin ya taso in ja numfashi a hankali, in ambaci Allah, in dubi abin da ke gabana in kira sunansa ɗaya bayan ɗaya. Yakan raka ni wajen rijiyar unguwa, in tsaya inda na ga dama, gobe in ƙara taku biyu. Sai da na kusa shekara biyu kafin na ja guga da hannuna. Ban sake shiga rijiya ba, kuma ban ji kunyar haka ba. Na je na gaya wa matata komai, na roƙi gafararta, ta dawo. Baffa kuwa har ya rasu bai yarda ya cuce ni ba.

Abin da na koya shi ne, wanda ya ga tashin hankali yana da ciwo ko da ba jini a jikinsa. A yi masa addu'a, a zauna a saurare shi, a kai shi wurin likitocin ƙwaƙwalwa tunda yanzu akwai su. Kada a tilasta masa, kada a mai da shi abin kallo. Ku da kuke da irin wannan mutum a gida, ku ji tsoron Allah. Rijiyar wuni ɗaya ta riƙe ni. Abin da 'yan'uwana suka yi mini ya fi shekara hamsin bai sake ni ba.